Kan Sarki da Tafiye-tafiyen Farko Zuwa Tekun Ƙanƙara na Arewa

A ranar 16 ga Fabrairun 1972 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fitar da kan sarki guda huɗu don tunawa da mutanen ƙasar da suka yi suna wajen kutsawa yankunan ƙanƙara na duniya. An sa James Clark Ross a kan na peni 3, Martin Frobisher a kan na peni 5, Henry Hudson a kan na peni 7 da rabi, sannan Robert Falcon Scott a kan na peni 9. Biyu daga cikinsu, wato Frobisher da Hudson, mutanen zamanin farko ne, lokacin da ake shiga tekun arewacin duniya, wanda Turawa ke kira Aktik, da ƙananan jiragen katako waɗanda iska kaɗai ke turawa. Babu ɗaya daga cikin su biyun da ya sami abin da aka aike shi nema. Frobisher ya koma gida da lodin baƙaƙen duwatsu yana zaton zinariya ce, shi kuwa Hudson ma'aikatan jirginsa ne suka yi masa bore, suka zuba shi cikin kwalekwale suka yi tafiyarsu, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk da haka, bayan ɗaruruwan shekaru, sai ga fuskokinsu manne a kan ambulan suna yawo duniya, da inuwar kan Sarauniya a gefe.

Domin a gane yadda aka yi haka, sai an tuna cewa kan sarki takarda ce ta hukuma. Tun da aka fara amfani da shi a Birtaniya a 1840 aikinsa na asali shi ne shaidar an biya kuɗin aika wasiƙa, amma daga ƙarshen ƙarni na 19, musamman bayan Amurka ta fitar da jerin kan sarki na tunawa da Columbus a 1893, gwamnatoci suka lura cewa wannan 'yar takarda tana kai saƙon ƙasa gidajen da jakada ba zai taɓa shiga ba. Hukuma ce ke zaɓar abin da za a zana da abin da za a bari, ana buga shi miliyoyi, yara suna tara shi, malamai suna koyarwa da shi. Saboda haka kowane kan sarki na tunawa yana ɗauke da shekara biyu, wato shekarar da abin ya faru da shekarar da wata gwamnati ta ga ya kamata a tuna da shi. A ganina, a batun tafiye-tafiyen Aktik shekara ta biyun ce ta fi yawan bayani, domin ita ce ke nuna wane ne yake neman a yarda cewa wannan teku nasa ne.

Mutanen farko da suka nufi arewa Asiya suke nema, ƙanƙarar kuwa shinge ce da ta tare musu hanya. Bayan yarjejeniyar Tordesillas ta 1494, wadda Sifen da Fotugal suka raba hanyoyin teku a tsakaninsu, da kuma isar Vasco da Gama Indiya a 1498 ta kewaye kudancin Afirka, 'yan kasuwar Landan, daga baya kuma na Amstadam, suka ga an rufe musu ƙofar kanumfari da kirfa da masoro da alharini. Duk wanda ya san duniya dunƙulalliya ce ya san cewa hanya mafi kusa daga arewacin Turai zuwa Sin ita ce ta sama, ko dai a yi gabas ta gefen Rasha ko a yi yamma ta saman Amurka. Masana taswira na lokacin sun ƙara musu ƙwarin gwiwa, domin da yawansu sun ɗauka cewa ruwan gishiri mai zurfi ba ya daskarewa, kuma ranar da ke kwana a sama watanni a jere lokacin bazara za ta narkar da abin da ke can ƙurya, ta yadda in jirgi ya ratsa zoben ƙanƙarar da ke baki zai tarar da buɗaɗɗen teku. Wannan zato ya rayu har cikin ƙarni na 19, kuma ya ci rayuka masu yawa kafin a rabu da shi.

Ingilishi ne suka fara gwada hanyar gabas. A 1553 Hugh Willoughby ya tashi da jirage uku, biyu daga ciki sanyi ya ritsa da su a gaɓar Kola da ke arewacin Rasha, kuma babu wanda ya rayu a cikinsu, sai masuntan Rasha ne suka tarar da jiragen da gawarwaki a shekarar da ta biyo. Jirgi na uku, a ƙarƙashin Richard Chancellor, ya shiga Farin Teku da ke arewacin Rasha, shi kuma Chancellor ya zarce Mosko ta ƙasa ya gana da Sarki Ivan na Huɗu, abin da ya haifar da Kamfanin Muscovy a 1555. Ba a kai Sin ba, amma an buɗe ciniki da Rasha, kuma haka lamarin ya ci gaba da kasancewa shekara da shekaru: abin da aka fita nema ba ya samuwa, ribar tana fitowa daga abin da aka ci karo da shi a hanya.

Tafiyar Willem Barentsz ta uku ta nuna haka ƙarara. A watan Yunin 1596 jiragen Holan biyu suka hango tsibirin da yanzu ake kira Bjørnøya, sannan suka ga tsaunukan Spitsbergen. Jirgin da Barentsz yake yi wa jagora ya kewaya arewacin tsibiran Novaya Zemlya da ke saman Rasha, inda ƙanƙara ta kama shi ta hana shi motsi, mutum 17 suka sauka suka gina ɗaki da itacen da ruwa ya kawo gaɓa da allunan jirgin, suka yi hunturu a ciki cikin duhun da ya ɗauki kusan wata uku. A watan Yunin 1597 suka kama hanyar gida cikin buɗaɗɗun kwalekwale biyu, Barentsz ya rasu ranar 20 ga watan, mutum 12 suka tsira. Ɗaya daga cikinsu, Gerrit de Veer, ya rubuta labarin tafiyar, aka buga shi da zane-zane, kuma daga waɗannan zane-zane ne masu zanen baya suke ɗebo siffar jirgin da ta ɗakin. Ɗakin kansa wani mafarauci ɗan Norwe, Elling Carlsen, ya tarar da shi a 1871 da kayan mutanen a ciki. Da Holan ta sa Barentsz cikin jerin kan sarkinta na tafiye-tafiyen bincike a 1996, shekara 400 cif bayan tafiyar, juriyar waɗannan mutane take tunawa. Abin da ya biyo bayan tafiyar a aikace shi ne farautar manyan kifayen nan da ake kira wel, waɗanda ake narka kitsensu a yi man fitila da sabulu, farautar da jiragen Ingila da Holan suka yi ta yi a Spitsbergen har suka kusa ƙarar da dabbar a yankin.

Labarin Frobisher ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya fi kowane nuna tazarar da ke tsakanin abin da ya faru da abin da aka manna a ambulan. Mutumin ya koyi aikin teku ne a gaɓar Afirka ta Yamma, inda ya shiga tafiye-tafiyen Ingilishi na 1553 da 1554 yana matashi, har 'yan Fotugal suka tsare shi a sansaninsu na Elmina, a Ghana ta yau. A 1576 ya isa tsibirin Baffin a cikin wani ƙaramin jirgi mai suna Gabriel, ya shiga wani dogon lungun teku ya ɗauka shi ne mashigin da zai ɓulle da shi Asiya. Mutanensa biyar suka sauka gaɓa ba su dawo ba, shi kuma ya kama wani ɗan ƙabilar Inuit, wato mutanen asalin yankin, ya tafi da shi Landan, inda mutumin ya mutu ba da jimawa ba. Cikin kayan da ya koma da su akwai wani baƙin dutse, wanda wasu masu gwajin ma'adinai suka ce akwai zinariya a ciki, kuma daga ranar maganar hanyar Sin ta koma baya. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya da kanta ta zuba kuɗi. A 1577 ya koma ya ɗebo kimanin tan 200, ya kuma kamo namiji da mace da jariri, dukansu suka mutu a Ingila cikin ɗan lokaci. A 1578 ya tafi da jirage 15 ya dawo da fiye da tan 1,000. Da aka narka duwatsun ba a sami komai ba, kamfanin ya rushe, babban mai ɗaukar nauyinsa Michael Lok ya ƙare a gidan yari saboda bashi, wasu daga cikin duwatsun kuma aka gina katanga da su a Dartford.

Wannan shi ne mutumin da Kanada ta sa a kan sarkinta na senti 5 a 1963, tare da jirginsa Gabriel. Lokacin da Frobisher ya yi tafiyarsa babu ƙasar da ake kira Kanada, kuma shi ba don ita ya yi ba. Amma a 1880 Birtaniya ta miƙa wa Kanada tsibiran Aktik, kuma hujjar da Birtaniya take da ita a kan tsibiran ita ce jiragenta ne suka riga na sauran Turawa zuwa. Ke nan duk wani jirgin Ingila da ya taɓa shiga yankin ya zama wani ɓangare na takardar gadon Kanada, ko da tafiyar ta ƙare da asara.

Waɗanda suka biyo bayansa sun fi shi natsuwa da iya lura. John Davis ya yi tafiya uku daga 1585 zuwa 1587 ya haura digiri 72 na arewa a gefen Girinlan, William Baffin da Robert Bylot kuwa a 1616 suka kai digiri 77 da ɗoriya, matsayin da aka yi fiye da shekara 200 ba wanda ya wuce shi ta wannan ɓangare. Jens Munk na Denmak ya yi hunturun 1619 zuwa 1620 a bakin kogin Churchill da mutane sittin da 'yan kai, uku kaɗai suka koma gida, sauran cutar ƙarancin bitamin C ta kashe mafi yawansu, cutar da ke sa dasashi ya kumbura, haƙora su zube, tsofaffin raunuka su sake buɗewa. Amma Hudson ne gidajen waya suka fi so, saboda ƙasashe da dama suna da rabo a cikinsa. Ya yi wa Kamfanin Muscovy tafiya a 1607 da 1608, ya yi wa kamfanin Holan na gabashin Indiya tafiya a 1609 cikin jirgin Halve Maen, inda ya juya yamma ya shiga kogin da birnin New York yake bakinsa a yau, sannan a 1610 ya shiga babban tekun da ake kira da sunansa cikin jirgin Discovery. A watan Yunin 1611, bayan hunturu na yunwa, aka bar shi a kwalekwale da ɗansa da wasu mutum bakwai. Amurka ta tuna da shi a 1909 saboda kogin, Birtaniya a 1972 saboda ɗanta ne, Kanada kuma a 1986 saboda tekun.

Akwai wata matsala da masu tara kan sarki suka sani sarai, wadda sauran jama'a ba su cika lura da ita ba, ita ce ta hotunan kansu. Frobisher ya yi sa'a, an zana shi yana raye a 1577, kuma hoton yana nan a Oxford. Hudson kuwa babu wani hotonsa da aka yi a zamaninsa, duk fuskar da aka gani da sunansa ƙirƙirar masu zanen baya ce. A 1897, lokacin da Newfoundland, wadda a sa'annan ba ta shiga Kanada ba, ta fitar da jerin tunawa da cikar shekara 400 da tafiyar John Cabot, fuskar da aka sa ta ɗansa Sebastian ce, jirgin da aka kira Matthew kuma shi ne dai zanen jirgin Columbus da ya fito a kan sarkin Amurka na senti 3 a 1893, domin kamfani ɗaya ne ya buga duka biyun. Hoton nan mai kumatu da aka daɗe ana cewa na matuƙin jirgin ruwa Vitus Bering ne, wanda ya shiga littattafan makaranta da kan sarkin Tarayyar Sobiyet, masana sun karkata ga cewa na wani ɗan uwansa ne mai suna iri ɗaya, mawaƙi kuma masanin tarihi, wanda ya rasu kafin a haifi matuƙin jirgin. Da aka tono kabarin Bering a 1991 aka sake gina fuskarsa daga ƙoƙon kai, sai aka ga mutum dabam. Mafi yawan jiragen ƙarni na 16 da na 17 ma ba su bar zanen gininsu ba, don haka abin da ake gani a kan sarki jirgi ne irin na zamanin, wanda aka laƙaba wa suna. Wannan bai rage darajar kan sarkin a wurin mai tarawa ba, amma ya isa ya hana mutum ɗaukarsa a matsayin shaidar tarihi.

Idan aka jera kan sarkin Kanada bisa shekarun fitowarsu, aka ajiye su kusa da abin da ke faruwa a siyasa, sai a ga sun yi tafiya tare. Kanada tana cewa mashigin arewa maso yamma, wato hanyar nan ta saman Amurka, ruwanta ne na cikin gida, Amurka tana cewa mashigi ne na ƙasa da ƙasa wanda kowane jirgi ke da haƙƙin wucewa. A 1969 wani ƙaton jirgin dakon mai na Amurka mai suna Manhattan ya ratsa mashigin don gwada ko za a iya kwaso man Alaska ta nan, hankalin 'yan Kanada ya tashi, majalisarsu ta yi dokar hana gurɓata ruwan Aktik a 1970. A 1977 aka fitar da kan sarki na Joseph-Elzéar Bernier da jirginsa Arctic, mutumin da ya kafa allo a tsibirin Melville ranar 1 ga Yulin 1909 yana shelar cewa dukan tsibiran na Kanada ne. A 1978 aka fitar da na St. Roch, jirgin 'yan sandan Kanada wanda Henry Larsen ya ratsa mashigin da shi daga yamma zuwa gabas tsakanin 1940 da 1942, ya sake ratsawa daga gabas zuwa yamma a 1944 cikin kwana 86. A 1980 aka fitar da na cikar shekara 100 da miƙa tsibiran. A 1985 jirgin Amurka mai fasa ƙanƙara, Polar Sea, ya wuce ba tare da neman izini ba, Kanada ta shata layin iyaka kewaye da tsibiran wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1986, kuma a wannan shekarar aka fara jerin kan sarki na masu binciken Kanada wanda ya ci gaba har 1989. Kan sarki ba ya yanke hukunci a kotun duniya, amma aikinsa ya yi kama da na manomin da ke zagaya gonarsa lokaci-lokaci yana gyara dutsen iyaka, don maƙwabci ya san ba a manta ba.

A ɓangaren Rasha abin ya ma fi fitowa fili. Bering ɗan Denmak ne, an haife shi a Horsens a 1681, amma rundunar ruwan Rasha ya yi wa aiki. A 1728 ya ratsa mashigin da ke tsakanin Asiya da Amurka ba tare da ya hango gaɓar Alaska ba saboda hazo, a 1741 ya hango dutsen Saint Elias, jirginsa ya fashe a hanyar dawowa, ya rasu a watan Disamba a tsibirin da yanzu ake kira da sunansa. Denmak ta fitar da kan sarki uku masu hoton jirginsa a 1941, tana ƙarƙashin mamayar Jamus, kuma abin lura ne cewa gwarzon da ta zaɓa ta yi alfahari da shi hafsan Rasha ne, a daidai lokacin da Jamus ke yaƙi da Rashar. Tarayyar Sobiyet ta fitar da nata a 1943, da taswira da hoton dutsen Saint Elias, dutsen da ke ƙasar da Rasha ta sayar wa Amurka a 1867 a kan dala miliyan 7.2. A lokacin ƙasashen biyu ƙawaye ne, kuma ta Alaska ake tura wa Sobiyet jiragen saman yaƙi. Shekara shida bayan haka ƙawancen ya watse, gwamnatin Stalin na yaƙin neman nuna cewa Rashawa ne suka riga kowa a kowane fage, sai aka fitar da kan sarki biyu na Semyon Dezhnev a 1949. Dezhnev ɗan Rasha ne wanda ya ratsa wannan mashigi a 1648, shekara 80 kafin Bering, ya tashi daga kogin Kolyma yana neman fatu da hauren dabbobin teku, rahotonsa kuma ya kwanta a ma'ajiyar takardun Yakutsk har sai da Gerhard Friedrich Müller ya tono shi a 1736. Gaskiya ne ya riga Bering, amma ba a yi gaggawar tunawa da hakan a kan ambulan ba sai da bukata ta taso.

Waɗanda suka ƙarasa ratsa hanyoyin biyu sun fito ne daga ƙananan ƙasashe. Adolf Erik Nordenskiöld ya bi hanyar gabas cikin jirgin Vega daga 1878, ƙanƙara ta riƙe shi kusan wata goma saura tafiyar kwanaki kaɗan ya kai mashigin Bering, ya kuɓuta a watan Yulin 1879. A Finlan aka haife shi, da tutar Suwidin ya yi tafiyar, don haka Suwidin ta sa shi a jerin 1973, Finlan da Girinlan kuma suka yi masa na haɗin gwiwa a 2008. Roald Amundsen ya ratsa hanyar yamma daga 1903 zuwa 1906 cikin Gjøa, tsohon jirgin kamun kifi, su bakwai kacal, kuma yana cikin tafiyar Norwe ta rabu da Suwidin a 1905, abin da ya mai da jirgin alamar sabuwar ƙasa. Norwe ta sa Gjøa da wasu jiragen bincikenta biyu, Fram da Maud, a kan sarki a 1972, kamar yadda tun 1925 ta fitar da jeri na musamman a shekarar da ikonta a kan Svalbard, tarin tsibiran da Spitsbergen ke ciki, ya tabbata. Hatta Ostiriya, wadda ba ta da teku tun bayan yaƙin duniya na farko, ta fitar da kan sarki a 1973 don cikar shekara 100 da jirginta Tegetthoff ya hango tsibiran Franz Josef, tsibiran da suke hannun Rasha a yau. Ita ba mallaka take nema ba, tunawa take da daular da ta rasa.

Saura mutanen da aka tarar a can. Bayan an gama yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815 Birtaniya ta sami kanta da jirage da hafsoshi babu aikin yi, sai John Barrow, sakatare na biyu a ma'aikatar rundunar ruwa, ya riƙa tura su bincike. Shi ne kuma ya matsa a kan neman inda kogin Kwara ya faɗa teku, kuma irin waɗannan hafsoshi ne aka gani a ɓangarorin biyu: George Lyon ya je Murzuk, a Libiya ta yau, a 1819 sannan ya ja jirgi zuwa Aktik a 1821, Hugh Clapperton kuma ya iso Kano da Sakkwato a 1824. Babbar tafiyar da Barrow ya shirya a ƙarshen aikinsa ita ce ta John Franklin, wanda ya tashi a watan Mayun 1845 da jirage biyu, Erebus da Terror, waɗanda aka sa wa injin tururi, aka loda musu abincin shekara uku. Mutum 129 suka shiga tsibiran, babu wanda ya fito. A 1854 John Rae ya kawo labari daga bakin 'yan Inuit cewa sun ga Turawa suna jan kwalekwale zuwa kudu cikin yunwa, kuma na ƙarshensu sun ci naman 'yan uwansu da suka mutu. Manyan Landan suka ƙaryata, suka ce maganar mutanen daji ce, sai a ƙarshen ƙarni na 20 binciken ƙasusuwan da aka samu a tsibirin King William ya nuna sawun wuƙa a jikinsu. Tun kafin wannan, a 1861, 'yan Inuit ne suka kai Ba'amurke Charles Francis Hall wurin da mutanen Frobisher suka haƙa duwatsu, da labarin da suka riƙe da ka kusan shekara 300. Amundsen ma hunturu biyu ya yi tare da 'yan Netsilik, wani reshen Inuit, yana koyon sa tufafin fata da tuƙa keken ƙanƙara da karnuka ke ja, kuma wannan ilimi ne ya raba shi da makomar Franklin.

An daɗe kafin kan sarki ya nuna wannan ɓangare. Da Amurka ta fitar da na binciken Aktik a 1959, tana haɗa tafiyar Robert Peary ta 1909 ta neman ƙuryar arewacin duniya da ta jirgin ƙarƙashin teku Nautilus wanda ya bi ta ƙarƙashin ƙuryar arewa a 1958, ƙarfin ƙasa take nunawa a tsakiyar yaƙin cacar baka. Sai a 1986 fuskar Matthew Henson, baƙar fatar da ya yi wa Peary rakiya shekaru masu yawa kuma ya iya harshen Inuit, ta fito kusa da ta Peary, 'yan Inuit huɗun da suka yi zangon ƙarshe tare da su kuwa ba a sa su ba. Kanada ta ɗan matsa gaba a jerin 1989, inda ta sa Matonabbee, jagoran 'yan ƙabilar Dene ta 'yan asalin arewacin Kanada, a jeri ɗaya da Franklin.

A watan Satumban 2014 aka gano Erebus a ruwa mai zurfin kimanin mita 11, a yankin da 'yan Inuit suka daɗe suna nunawa, wanda masanin tarihinsu Louie Kamookak na garin Gjoa Haven ya shafe shekaru yana tattara labarinsa daga bakin dattawa. Firayim Ministan Kanada na lokacin, Stephen Harper, da kansa ya sanar da ganowar, ya kuma danganta ta da ikon Kanada a kan Aktik. A 2015 gidan wayar Kanada ya fitar da kan sarki na Erebus, ɗaya daga ciki da taswirar yankin wadda aka rubuta sunayen wurare a kanta da harshen Inuktitut. Wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake shi ma yana da nasa amfani ga gwamnati, domin a shari'ar ƙasa da ƙasa daɗewar zaman 'yan Inuit a kan wannan ruwa da ƙanƙararsa hujja ce da ta fi ta jirgin Ingila da ya wuce sau ɗaya ƙarfi. An gano Terror a watan Satumban 2016 bayan wani mafarauci ɗan Inuit, Sammy Kogvik, ya nuna inda ya taɓa ganin itace tsaye cikin ƙanƙara, kuma a 2018 Birtaniya ta miƙa jiragen biyu ga Kanada, wadda ta amince cewa ita da hukumar kula da kayan tarihin Inuit ne za su mallaki abin da za a ciro daga cikinsu tare.